Daɓen Rumawa a Bakin Teku

Shekarar da gashin jimina ya yi tsada, kawuna ya ɗauke ni daga garinmu na wajen Dakoro, muka bi ayarin Buzaye ta Agadas har Tarabulus. Ni baduku ne, aikina a hanya ɗinkin salka da gyaran buhunan fata. Kafin nan ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba.

Da muka sayar da kaya, mai masaukinmu, wani Balarabe da ya koyi Hausa a bakin matarsa, ya kai mu inda attajiran birnin suke shan iska lokacin zafi. Muka tarar da rumfuna a kan rairayi, ana gasa kifi, ana dafa shayi. Kawu ya ɗebi ruwan teku ya kurkure baki, ya tofar.

"Wannan ko raƙumi ba shi sha," in ji shi. Ya koma inuwa ya zauna abinsa.

Ni kuwa na bi Balaraben zuwa wani kango da ke kan tudu. Ya share yashi da ƙafa, sai ga daɓe na ƙananan duwatsu masu launi, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. An jera su sun zama kifaye, da kwalekwale, da wani mutum yana jan taru. A gefe an zagaye da zanen igiya biyu a tuƙe, ja da baƙa, ba a ganin inda suka fara.

"Maigida, wa ya yi wannan?"

"Rumawan dā. Su ma nan suke zuwa hutawa, tun kafin Musulunci."

Ban tsaya kallon siffar mutumin ba, don malaminmu ya hana mu. Igiyar ce ta tsayar da ni. Na durƙusa ina bin ta da yatsa har aka kira la'asar, sannan na karce kamanninta a bayan salkata da tsinin basilla.

Da muka dawo gida na gwada ta a kan matashin fata. Na farko ya ɓaci, igiyar ta ƙi haɗuwa a kusurwa, sai da na lalata fatu da dama kafin hannuna ya gane. Wata Bafillatana daga wajen Azagor ce ta fara saye, daga baya har Buzaye suna aiko da jakar sirdi in yi musu.

Yanzu idona ya yi rauni, na bar dukanci. Ƴata tana zana igiyar a jikin ƙwarya, amma ta ƙara igiya ta uku, wai biyu sun yi mata kaɗan.