Fulogi Shida da Na Kankare a Bakin Hanyar Giade

A garejina ba a zubar da fulogi. Haka na koya wurin maigidana, haka kuma na yi aiki shekara goma sha huɗu a gindin darbejiyar nan ta bakin hanyar Giade. In mota ta zo sabis, abu uku ne: a juye baƙin mai, a kaɗe filtar iska, a wanke fulogi. Wankin fulogi kuwa sana'a ce mai zaman kanta. Ka jiƙa shi a fetur, ka goge da burushin ƙarfe, ka bi bakinsa da samfefa har ya yi ƙyalli, sannan ka ɗan ƙwanƙwasa ƙugiyar a jikin sifana ta matso. Fulogin da wani zai jefar, ni sai in ƙara masa wata shida. 'Yan tasha da 'yan acaɓa sun san ni da wannan, ni ma na san kaina da shi, har abin ya hau mini kai. Ga ni da saurin fushi, kuma ban yarda akwai injin da zai gagare ni a faɗin ƙasar Katagum ba.

Filin ba nawa ba ne. Na wani Alhaji ne mai fataucin riɗi da wake a kasuwar Azare. Shi ya ce in zauna, bai taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini ranar farko, wai kada ya ji an cuci kowa a filinsa. A gefena akwai wani ɗan bumburutu, mutumin Dagauda, mai jera galan-galan na fetur a kan tebur. Shi ma Alhaji ne ya ba shi wurin, da teburin nan yake ciyar da 'ya'ya biyar.

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa gari ne babban ɗan Alhaji, wanda ke riƙe masa harkar kaya a Legas, ya zo gida da wata jar mota. Ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Rannan 'yan acaɓa ba su yi aiki ba, bin ta suka yi ta yi har garejina. Na gyara tsayuwa, na goge hannu, na ce ya buɗe mini gaba in ga injin. Ya buɗe. Ba komai a ciki sai jaka da takalmi ƙafa ɗaya. Ashe injin a baya yake! Dariyar da aka yi mini har yau ina jin ta. Wani ɗan acaɓa mai baƙin baki ya ce a taimaka a nemo wa injiniya injinsa, ya ɓata. Na nuna masa sifana, ya ja da baya, amma raina ya riga ya ɓaci.

Yaron mai ladabi ne, Baba yake ce mini. Ya fito da nasa baƙin man da ya zo da shi, ya ce shi kawai zan juye masa, kada in wahalar da kaina da sauran, in ya koma Legas akwai masu yi. Ya bar mini makulli ya tafi gaishe-gaishen dangi. Wannan kalma ta "akwai masu yi" ita ta ƙarasa ni. Na ce a raina, wato mu nan ba masu yi ba ne? Sabis ba wankin fulogi, ai ba sabis ba ne. Zan yi masa kyauta ma, ya je Legas ya ba da labari.

Kafin in kai ga fulogan nan sai da na ɗaga motar a jak, na cire tayoyin baya, na kwance wasu faranti, na kwanta a ƙasa tun hantsi har la'asar. Shida ne. Da na fito da na farko sai na ga tsinin bakinsa siriri kamar allura. Na ce ka ji masu yi, fulogi ya cinye har ya koma haka ba wanda ya duba! Na kankare su tas, na ƙwanƙwasa ƙugiyoyin, na mayar na ɗaure da iya ƙarfina. Ban faɗa wa kowa ba, so nake sai ya ji daɗin motar tukuna in ce aikina ne.

Washegari ya zo. Gidan mai layi ne har kwana, don haka ya sha galan biyu wurin mutumin Dagauda, ya kama hanyar Giade. Ko rabin awa bai yi ba sai ga shi ya dawo, motar tana fizga tana tari, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kunna a gabansa. Bai ko dube ni ba. Teburin fetur ya nufa. Ya ce an haɗa masa da kananzir, an kashe masa injin da ya fi gidan mutum kuɗi. Ya yi ƙwallo da galan ɗaya. Ya ce zai gaya wa mahaifinsa a tashi mutumin daga filin, sauran magana kuma sai a gaban 'yan sanda. Kowa ya yarda, don wa zai tsaya wa ɗan bumburutu? Ni kuwa ina tsaye da tsumma a hannu. Ban ce uffan ba. Kai, gaskiya ma har kai na gyaɗa.

Aka tura motar ƙarƙashin darbejiya. Da mutane suka watse na sake shiga ƙarƙashinta na zaro fulogi ɗaya. Allurar nan babu ita, farin tangaran ɗin kuma ya tsage. Na karɓi kwalba ɗaya ta fetur ɗin na zuba a babur ɗina, ya tashi lafiya lau, ko tari bai yi ba. Nan na san komai.

Kwana uku na yi da wannan sani a cikina. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. In na yi magana, filin ya tafi, sunan da na tara shekara goma sha huɗu ya tafi, kuma da me zan biya motar da ban san farashin tayarta ba? In na yi shiru, ba mai tuhumata har abada. Mutumin Dagauda ya daina fito da tebur. A rana ta uku ya zo ya tsuguna a gefena ina kwance gindin wata tsohuwar motar tasha, ya ce:

"Yaya, kai ka san mota. Don Allah ka duba ka faɗa musu ba maina ba ne. Kai za su ji maganarka."

Na daka masa tsawa na ce ba ya ganin ina aiki? Ya ce in yi haƙuri, ya tashi ya tafi. Shi ne ma ya ba ni haƙuri. Wannan abin ya hana ni ci gaba da aikin. Na wanke hannu, na sa fulogin a aljihu, bayan sallar la'asar na nufi zauren Alhaji.

Na tarar da shi a kan tabarma yana duba samfurin riɗi a faifai, ɗan nasa na gefe. Na gaishe su, na ajiye fulogin a gabansa. Na ce ranka ya daɗe, ba fetur ba ne, ni ne. Na faɗi yadda aka ce mai kawai zan juye, na ƙi ji. Yaron ya miƙe zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya zauna. Ya ɗauki fulogin ya jujjuya, ya tambaye ni ko na taɓa ganin irinsa. Na ce ban taɓa ba. Ya ce to gobe akwai motar riɗi da za ta Kano ba cike ba, a ɗora jar motar, in bi ta, in tsaya a kan masu gyaran in ga yadda ake yi. Ya juya ga ɗan nasa ya ce masa kafin magariba ya je ya nemo mai fetur ya ba shi haƙuri, ya biya shi galan ɗin da ya zubar.

A kara, kasuwar dabbobi, muka loda ta, a tudun da ake hawar da shanu, Fulani suna ta kallo suna tambayar ko ta yara ce.

Garejin Kano ƙasansa tayil ne, sai da na duba takalmina kafin in shiga. Mai gyaran bai kai ni shekaru ba. Ya jona wa motar na'ura, ta faɗa masa inda ciwon yake kafin ya taɓa sifana. Da ya fito da fulogan ya dube su, ya dube ni, ya ce wa ya yi wannan aika-aikar? Na ce ga shi a gabanka. Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce siririn tsinin nan ba cinyewa ya yi ba, haka aka ƙera shi, da wani ƙarfe mai tsada. Ba a wanke shi, ba a kankare shi, ba a ƙwanƙwasa shi. Shekaru yake yi a ciki, in lokacinsa ya yi a cire duka shidan a jefar. Ya nuna mini wata sifana mai yin ƙas idan ɗauri ya isa, ya ce daga nan ko kaɗan ba a ƙarawa. Ni da nake taka sifana da ƙafa!

Da aka kawo takardar kuɗi na nemi wuri na zauna. Kuɗin fulogi ɗaya zai sayi na acaɓa cike da kwano. Da aka haɗa shidan, da filta, da ladan na'ura, da aikin hannu, abin ya kai kuɗin sabon babur. Mai gyaran ya ce kuma wannan ba gyara ba ne a wurin masu irin motar, sabis ne na yau da kullum, in da na ci gaba da bari a tuƙa ta haka, da sai an yi maganar kuɗin gida. Alhaji ya biya ta hannun wakilinsa a kasuwa, motar ta tashi da wata irin murya mai daɗi, na ji ƙwalla ta zo mini don kunya da sauƙi.

Da na dawo Azare na wuce zauren kai tsaye. Na ce Alhaji ya yanka mini abin da zan riƙa kawowa duk wata. Ya ce in ajiye wannan magana, kuɗin makaranta ya biya mini, kuma ya ga ta yi arha. Na yi ta godiya har bakina ya gaji. Na miƙe zan fita sai ya kira ni.

"Injiniya, ranar da abin ya faru, direbana ya sha man mutumin nan galan huɗu, ya je Dagauda ya dawo lafiya. Tun daren na san ba fetur ba ne."

Na ce to ranka ya daɗe, me ya sa ba ka aiko an kira ni ba?

"Jira nake in ga wanda na ba filina. Da ka ƙara kwana ɗaya ba ka zo ba, da ba fulogi kaɗai za mu canza a wurin ba."

Alhaji ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa da rahama, ba sallar da nake yi ban sa shi a addu'a ba. Mutumin Dagauda ya mayar da teburinsa a makon da na dawo daga Kano, muka ƙara shekara tara kafaɗa da kafaɗa. Na ba shi haƙurin tsawar da na yi masa, ya ce shi bai ma riƙe ba. Haƙurin kwana ukun da na yi shiru ne na kasa ba shi yadda ya kamata, duk da kullum shi yake fara gaishe ni da safe.