Hatimin Mir Dast

Ranar da na ce ni ma zan taɓa aikin maƙera, babban yatsana ne ya ji a jikinsa. Na sayo saiti a Peshawar, 'yan ƙarafan nan biyu da ake ɗorawa a doron ƙaramar bindiga don ido ya san inda harsashi zai je, cikin kwali mai sheƙi da rubutun Jamus. Bindigar kyauta ce ga mutumin Kohat da zai auri 'yata, kuma so nake danginsa su gani su yi shiru. Na zauna bayan kaskon da nake soya naman kebab na sayarwa, na ɗaga guduma. Guduma ta sami yatsa, saitin ya yi tsalle ya faɗa cikin tafasasshen kitse. Da matsami na tsamo shi, ya soyu ciki da bai.

Dole na tsallaka titi wurin Mir Dast, ɗan baffana.

A garinmu Darra kowa da abin da yake ƙerawa a jikin bindiga. Shi saiti ya riƙe tun yana saurayi, zaune a ƙasa da magagari a hannu, garin taba a leɓe. Harbin gwaji da ake yi a kasuwa kullum ya cinye masa kunne ɗaya, yanzu kuma yanar ido ta fara rufe idonsa na dama. Ɗansa yana Karachi yana tuƙin tirela, ya ce gara hayaƙi da ƙurar ƙarfe. Idan idon hagu ya bi sahu, shagon zai koma wurin sayar da caja.

Abu ɗaya ya taɓa nema a rayuwarsa. Wata shekara ya sassaƙa hatimi da sunansa, ya buga a gefen kowane saitin da ya yi, ya cika jaka ya aika wa dillalinsa. Jakar ta dawo yadda ta tafi, da saƙo: wa zai sayi Mir Dast? Ya zauna ya goge sunansa da magagarinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya buga haruffan Jamus da bai iya karantawa ba. Mu kuwa a zauren hira muka mai da abin nishaɗi, ni ne ma na laƙaba masa Bajamushe. Tun daga nan bai ƙara zuwa hira ba.

"Ustad," na ce, "ga kayan ƙasar waje, ka wanke hannu kafin ka taɓa."

"Wa ya soya shi?"

"Hannu ne ya kuskure."

"Bakinka dai ba ya kuskure."

Ya goge kitsen da gefen rigarsa. Bai kai shi kusa da ido ba, yatsa kawai ya bi gefensa da shi, ya tsaya a wani ɗan kwari da ni ban lura da shi ba. Ya kama hannuna mai ciwo ya ɗora a wurin.

"Ka ji? Nan sunana yake a da."

Na yi dariya, don ban san me zan yi ba. Na ce ashe Jamus ɗin tsallaken titi ce, na ɓata kuɗin mota a banza. Bai taya ni ba. Ya matse bindigar, ya ɗan ci gindin saitin da magagari, ya gwada, ya ƙara ci kaɗan, sannan ya kora shi a hankali da sandar tagulla har ya zauna daram a tsakiya. Ya ɗora ɗayan saitin, na gaba. Muka fita bayan shago, ya ce ni in harba, shi ba ya ganin gwangwanin da ke gindin dutse. Gwangwani ya tashi sama, ni da ko bangon gidanmu ban cika samu ba.

Da muka koma, ya jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin tabarma. Hatimin ne, ya shafe shi da mai, ko tsatsa babu.

"Ɗan baffa, wannan gidan 'yarmu za shi. In buga? Ko guda ɗaya ya fita da sunana kafin idon ya rufe."

Na tuna baffannin ango, yadda za su juya bindigar a gaban jama'a suna neman rubutu.

"Ustad, ka san mutanen Kohat da son kayan waje. Bari a gama biki tukuna, sai in karɓo maka ita."

Ya naɗe hatimin, ya tura shi ƙarƙashin tabarma, ya miƙo mini bindigar ta wajen mariƙi.

"Bar musu Jamus ɗinsu. Idan na mutu ma ka sa a rubuta Jamus a dutsen kabarina, don ka iya kawo surukanka ziyara ba tare da jin kunya ba."