Alhamis ɗin da Babu Ruwa

Shekarar da fari ya cinye mana shanu, ɗiyata ta biyu tana da shekara huɗu, kuma kullum idanunta a manne suke da kwantsa. Sai ga wata likita ta zo ƙauyenmu daga Filinge, ita da mai yi mata tafinta. Ta ce suna gwajin sabon maganin ido na yara, ba su riga sun tabbatar da aikinsa ba, wadda ta yarda ta riƙa kawo ɗanta asibiti duk Alhamis har wata uku. Na yarda.

Tafiyar ba ta dame ni ba. Rijiya ce matsalar. Guda ɗaya ta rage mana mai ruwa, kuma ƙa'idar matan garinmu ita ce tulu ba ya riƙe wa uwargijiyarsa layi. In ba kya tsaye kusa da shi, da ƙafa za a ture shi baya, ko ke ɗiyar wa ce. Duk ranar asibiti, kafin in komo an kwashe ruwan sai laka. Alhamis uku a jere maigidana ya yi taimama a cikin gidansa. A ta ukun ya ce, "Wagga tahiya ta ƙare. Ido dai ba ya kashe mutum, ƙishirwa ko tana kashewa."

Ashe ba ni kaɗai ba ce, mata sun fara janyewa ɗaya bayan ɗaya.

Likitar ta lura, ta tara mu a gindin gawo, maza gaba, mata baya. Aka shimfiɗa tabarma, ta jera kuɗi, da tiyar hatsi, da sabulu, da sukari. Tafinta ya ce ba sayen kowa za a yi ba, ladan wahalar hanya ce, mu zaɓi wanda ya fi mana.

Maza suka ce hatsi, baki ɗaya. Wata gwaggon mijina, tsohuwa mai bakin tsiya, ta ɗaga murya daga baya: "Hatsi rumbu za shi shiga, mu ko ba mu leƙa rumbu! Ku ne kuka goya yaran?"

"To a ba ku kuɗi, Gwaggo," in ji wani.

"Don ku biya harajin lanho da su? Kai tahi can."

Tafinta ya ɗaga sabulun yana murmushi. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, da yawu za mu wanke?" Har likitar ta yi dariya, tun ba a fassara mata ba.

Ni na san abin da nake so, amma surukina yana zaune a sahun gaba, kuma tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa jin muryata a taro ba. Ba ranar zan fara ba. Allon yaƙi da jahilci yana cikin kwandona, don daga nan aji za mu wuce. Na jawo shi a ɓoye na rubuta da alli, baƙaƙena duk a karkace: "Ranar asibiti babu ruwa gida. Ku ba mu ruwa." Na miƙa wa ta gabana, ta miƙa gaba, har ya kai hannun tafinta.

Ya karanta da ƙarfi. Mata suka ɗauki guɗa. Likitar ta yi ta tambayar yadda layin rijiya yake, tana dafe kai. Ta ce ita kwana da kwanaki tana auna hatsi da kuɗi, ba ta taɓa tambayar me muke bari a gida in mun zo ba. Surukina ya tambayi wa ya yi rubutun. Gwaggo ta ce, "Allo ya yi."

Alhamis ta gaba na roƙi maigida sau ɗaya tak ya bar ni in koma asibiti, ya ɗaga kafaɗa, na tafi. Da la'asar motar asibiti ta maido mu, da gangunan ruwa biyu a baya suna kwacal-kwacal, kowace mace tulu biyu. Na dama fura na kai masa. Ya kurɓa, ya yatsine fuska.

"Wanga ruwa warin man gazuwal shika yi."

Ya sake kurɓa, ya shanye tas, ya goge baki.

"In kin koma Alhamis, ki ce musu su wanke gangar."