Birkin Da Ammi Haruna Bai Gwada Ba

Ina ɗaure kujeru a kan tirela ranar Talata da hantsi aka kira ni a waya, aka ce Ammi Haruna ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na saki igiyar na zauna a bakin titi, don ina da wata magana da shi wadda na yi shekara biyu ina cewa gobe zan je in faɗa masa.

Ammi Haruna, wato Baffa Haruna da Larabcin nan garin, mai gyaran wayar mota ne, yana da 'yar warsha, wato gareji, a bayan titin Mansur. A nan Makka aka haife shi, amma idan ya buɗe baki sai ka rantse jiya ya baro Sakkwato. Ba ya barin waya tsirara ko da a inda ido ba zai kai ba. Yakan ce, "Wadda ba a gani ita ke ƙona mota." Yana kuma da wata ɗabi'a da direbobi suka sha yi masa tsiya a kanta: idan aikin birki ne, ba ya sallamarka sai ya shiga motar kun sauka gangare tare.

Ni hayar kujeru da darduma nake bayarwa, na biki da na zaman makoki. Shekara biyu da suka wuce, da na sayi tirela mai birkin lantarki, sai na kai masa wanet ɗina, wato a-kori-kura, ya sa mini na'urar da ke sa tirelar ta ja birki tare da motar. Ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba. Ya ɗaure shi a ƙarƙashin sitiyari, ya ja waya ɗaya zuwa batir, ɗaya jikin mota, ɗaya wajen taka birki, shuɗiyar kuma ya bi da ita har baya. A lokacin tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, aikin ya kai mu la'asar, ni kuwa ana jira na a unguwar Rusaifa.

Da ya gama ya ce, "Tayyib, ɗauko tirelar da kayanta, mu sauka gangare in daidaita shi."

Na ce ba ni da lokaci. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, ban gwada ba." Sai na ce masa, a gaban mutane, "Shekara ashirin ina tuƙi, ba tsohon da hannunsa ke rawa ne zai koya mini taka birki ba." Na figi makullina na tafi. Har yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Washegari da safe na fito gidana a Ka'akiyya, sai ga shi zaune kusa da motar da jakar aikinsa. Bai ɗago maganar jiya ba. Muka loda kujeru, muka hau gangaren unguwa. Ina taka birki na ji tirelar na tura mu daga baya, ashe jiya sa'a kawai na ci, don hanyar a miƙe take. Ya miƙa hannun nan mai rawa ya murɗa na'urar kaɗan kaɗan, muka sauka sau huɗu har ta tsaya cak. Ya ce, "Khalas, yanzu motarka ce." Na yi godiya, amma ban ce ya yafe mini ba. Girman kai ya riƙe mini harshe.

Bayan an sallace shi a Harami, na je gidan gaisuwa na roƙi a kai ni wajen matarsa. Daga bayan labule na faɗa mata abin da na yi, na tambaye ta ko ya taɓa ambata.

Ta ce, "Ashe kai ne. Ranar nan bai ci abinci ba. Amma wallahi bai ce ka zage shi ba. Cewa ya yi ta yi, mutumin nan yana da 'ya'ya, kuma ya tafi da birkin da ban gwada ba."

Ban sami yafiya daga bakinsa ba, kuma ba zan samu ba. Allah Ka jiƙan Ammi Haruna, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, Ka tsare su yadda ya tsare 'ya'yan wasu. Ni kuma Ka yafe mini abin da harshena ya yi masa. Amin.