Baba da Famfo na Uku

Shekara talatin Babanmu ya yi yana gyaran manyan famfunan da ke tura mai cikin bututu. A wurin aiki Mai Kunne suke ce masa, don sukundireba yake ɗorawa a jikin famfo, ya manna ƙotarta a kunne, ya faɗa maka abin da ke damun injin. A gida kuwa sai Inna ta kira shi sau uku kafin ya waiwayo. Takan ce kunnen nan na kamfani ne, mu aro ake ba mu.

Saura wata takwas ya yi ritaya, famfo na uku ya tasa shi gaba. Dama duk bayan wata biyu sai boris ɗinsa, wato ƙarfen da sandar famfon ke juyawa a cikinsa, ya ƙone, a tsayar da tura mai. Sabon manaja ya ce masa a gaban kowa, "Tsoho, hannunka ya fara rawa. In ya sake ƙonewa, ka ajiye aiki." Wallahi ranar ko abinci Baba bai taɓa ba. Rabuwa da aikin ba ta dame shi ba, amma a ce ya fita da sunan wanda ya kasa?

Sai ya daina taɓa famfon. Ya jawo kujera ya zauna yana kallo, kwana huɗu cur. Ashe tsoro ne ke kashe famfon nan! Masu aikin safe su ɗura wa boris giris, man nan mai kauri na sa ƙarfe santsi, na rana su ƙara, na yamma su ma su ƙara, kowa na gudun kada ya lalace a hannunsa. Giris ya cushe, zafi ya tashi.

Baba bai yi wa kowa faɗa ba. Ya naɗe abin ɗura giris ɗin a tsumma, ya taho da shi gida, ya tura ƙarƙashin gado. Inna ta yi ta mita wai zannuwanta sun ɗauki wari. Sau ɗaya a wata yake kai shi, ya ɗura da hannunsa, matsa uku, ba ƙari.

Ranar sallamarsa ya tafi da ni. Manaja na tsakiyar karanta jawabi, Baba ya ja ni wajen famfo na uku, ya manna mini sukundireba a kunne.

"Me kika ji, 'yar Baba?"

"Ba komai. Gurnani kawai, ba ya hawa ba ya sauka."

"To, wata takwas ke nan yana haka," in ji Baba. "Jeki ki faɗa wa wancan mai takardar."

Na kuwa je na faɗa, da ƙarfi, kowa ya ji.