Turken da Na Kafa

Waya mai ƙaya da ta raba mu da gonakinmu, da hannunmu muka kafa mata turaku. Da kiɗa ma muka yi aikin, har da fura. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin raina yana tafasa.

Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne, yana tsakanin ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram, in ka bar Zandam ka nausa daji. Shekarar da aka daina lissafi da fam da sule aka koma naira, wasu ma'aikatan gwamnati suka zo a mota, da taswira a hannu. Suka ce za a yi gandun kiwo, za a kawo shanu daga ƙasar waje. Mu manoma ne, ba abin da muke tsoro kamar a ce shanu. Babbansu ya ce mu kwantar da hankali, za a ja waya, ko ɗan maraƙi ba zai taka mana shuka ba. Taimako ɗaya suke nema, a haƙa ramuka a kafa turaku.

Mai unguwa ya kira gayya. A wurinmu in an kira gayya ba a tambayar dalili, fartanya ko dagi kawai mutum yake ɗauka ya fita. Mata suka dama fura, makaɗa suka rataya gangar noma. Ina da shekara ashirin da 'yan kai lokacin, ban daɗe da aure ba, ga ƙarfi ga son a yaba. Layin da ma'aikatan suka shata ya bi ta bayan gidanmu, tsakanin danga da gonar Baba, sai na ce wannan ɓangaren nawa ne, kada kowa ya taɓa. Na saro ƙirya, itacen da gara ba ta ci, na babbake gindin kowane turke, na haƙa rami har sai da hannuna ya nutse zuwa kafaɗa, na daddanƙara duwatsu. Makaɗi yana zuga ni, ni kuwa ina cika baki cewa ko giwa ta jingina da turkena sai dai ta ji kunya. Duk cikinmu, har da dattawa masu furfura, ba wanda ya tsaya ya tambaya ta wane gefen wayar za mu kasance.

Da rani aka zo aka ja wayar, layi shida. Sai muka wayi gari ƙauyen yana ciki, gonakin suna waje. Mu ne aka killace. Shanun da aka yi abin dominsu ko ƙahonsu ba mu gani ba.

Ƙofa ɗaya suka bari, can yamma ta wajen hanyar Birnin Kudu, gonakinmu kuwa gabas suke. Gonar da Inna take tsayawa a bakin danga ta ƙwala wa Baba kira ya zo ya ci tuwo, ta koma tafiyar awa ɗaya da rabi. Mai gadi yana buɗewa ƙarfe bakwai, ya rufe ƙarfe shida. Aka ba kowane magidanci kati. Wanda aka kama ya ratsa ta waya, a kai shi gaban alƙali. Wanda ya kwana a waje, a karɓe katinsa, wai ya tashi daga garin ke nan da kansa. Abin da suke so ke nan, mu gaji mu watse ba tare da sun kore mu ba. Ranar kasuwar Gwaram sai ka ga mata da ƙwarya a ka suna gudu kamar an biyo su, don kada a rufe ƙofa. Masu gadin ma ba baƙi ba ne, 'ya'yan talakawa ne irinmu, an ba su kaki da keke sun manta gaisuwa.

Duk wannan mun haɗiye. Damina ta zo, muka riƙa zagayawa muna noma a haka. Baba ya shuka maiwa a gonar bayan gida, ita ce abincin gidanmu na shekara, mu goma sha ɗaya. Kuma ta yi kyau, irin kyan da mai wucewa yake tsayawa ya ce tubarkalla.

Da ta fara ido sai jan-baki suka sauka. Duk wanda ya taɓa noma ya san waɗannan tsuntsaye ba su da agogo. Gari na fara haske suke zuwa, su dawo dab da magariba, daidai lokacin da ƙofa take rufe. A da, kafin alfijir yara da manya suna gona, an ja igiya an rataya gwangwanaye, ana ihu ana jifa da majajjawa. Yanzu kafin mu zagaya mu isa, sun ci sun ƙoshi sun tafi inuwa.

Na je wurin babban mai gadi, na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa sa'an wana ba.

"Malam, don Allah sati biyu kawai. Ka buɗe mana da asuba, in an girbe shi ke nan."

"Ni ba ni na sa dokar ba," in ji shi, yana ɓare gyaɗa. "Ka je ofis."

"Ofishin yana ina?"

"Kano."

Na dawo na ce wa Baba zan ratsa ta ƙarƙashin waya, duk abin da zai faru ya faru. Ya ce in na yi bai yafe ba. Ya ce gara a rasa hatsi da a tashe mu daga inda aka binne iyayensa. Muka gwada zura igiyar gwangwanaye daga gona zuwa cikin gida don mu riƙa ja daga nan. Kwana ɗaya ta yi, masu gadi suka datse ta, wai ta taɓa dukiyar gwamnati.

Washegari muna sallame sallar asuba muka fito bayan gida. Tsuntsayen suka zo kamar hayaƙi, suka rufe gonar, kana jin ƙarar cinsu. Taku talatin ne tsakaninmu da su, na sha ƙirgawa. Inna tana buga tsohuwar tasa da muciya, matata tana ihu har muryarta ta dishe. Na gefen kusa su tashi su koma can ƙarshen gona su ci gaba. Baba, dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya kama wayar da hannu biyu yana jijjigawa yana cewa "Kai! Kai!" Ƙayar ta yage masa tafin hannu, jini yana bin hannun rigarsa, bai ma sani ba.

Nan idona ya rufe. Na manta da alƙali, na manta da kati. Na rungumi turken da ke gabana, na ce in na tumɓuke shi wayar za ta kwanta mu wuce gaba ɗaya. Na ja, na tura, na sa kafaɗa, na durƙusa na tona gindinsa da farce har na tarar da duwatsu. Ko motsi bai yi ba. Ina haki ina zagi, ban san wa nake zagi ba.

Baba ya saki wayar, ya dafa ni da hannun nan mai jini.

"Bari haka," ya ce. "Ba zai fita ba. Ai kai ka kafa shi."

Dami bakwai muka ɗaure a gonar da take ba mu sittin. Kafin wata damina Baba da kansa ya ce mu kwashe kaya, muka koma wajen dangin Inna a Wurno, ya ƙarasa rayuwarsa yana noma gonar aro. Shanun ba su taɓa zuwa ba. Wayar ta yi tsatsa, mutane suka kwashe ta suka yi shingen lambu.

Bara na bi ta wurin a kan babur. Babu gida ko ɗaya, turakun sauran mutane duk sun zube. Nawa guda tara suna nan a tsaye.