Hancin Aro

A layin masu gyaran mota ba wanda ya san sunansa na yanka. Hanci kawai ake ce masa, kuma ya fi kowa son sunan. Ba don girman hancin ba ne, ko da yake Allah bai yi masa rowa ta nan ba. Aikin da yake yi da shi ne ya jawo. In aka kawo mota, sauran makanikai sai su buɗe bonet, su kasa kunne, su yi ta yi wa mai ita tambayoyi. Shi kuwa sai ya goya hannu a baya, ya lumshe ido, ya zagaya motar yana shinshina kamar karen da ya manta inda ya binne ƙashi. Can sai ya tsaya cak.

"Kulocinka na ƙonewa. Ka daina ɗora masa ƙafa, ba kujerar gidanku ba ce."

Sau da yawa sai a tarar haka ne, shi ya sa kansa ya kumbura. Ya kori mai tallan turare daga layin, wai yana ɓata masa kayan aiki. Masu gwada mota da na'ura kuwa guragun hanci yake ce musu. A gida ma matarsa ba ta tsira ba. Tun daga bakin ƙofa zai ɗaga kai ya ce miya ta kama, ko albasa ta yi yawa, ko yau an yi baƙuwa mai shafa mai ɗan arha. Haka ta yi ta haƙuri da shi har 'ya'yansu suka girma suka watse.

Sai wata damina mura ta kama shi. Murar ta tafi, amma da za ta tafi ta haɗa da hancin. Ya buɗe galan ɗin fetur ya shaƙa, shiru. Ya ƙona guntun taya a bayan gareji ya kafa fuska a hayaƙin, ido ya yi ja, hanci ko gezau. Ranar ya tsorata ƙwarai, don bai san wane ne shi ba in ba Hanci ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da goya hannu yana zagaya motoci yana shaƙar iska, a ɓoye kuwa kunne da ido da canki-canka ke yin aikin.

Matarsa ce kaɗai ta gano shi. Ta ƙona miya, ya share kwano har da santi. Don ta tabbatar, ta cusa safarsa ta aiki cikin rigar matashin kansa, ya yi barci har da minshari. Me zai sa ta tona abin da ya kawo mata zaman lafiya a kicin?

Wata rana da hantsi autarsu ta shigo garejin da 'yar motarta, uwar na zaune a gefe. Cikin Auta ya fara nauyi, daga awo suke, kuma tana sauke uwar a gida za ta kama doguwar hanya zuwa garin da mijinta ke aiki, ita kaɗai.

"Baba, warin fetur ya hana ni sakat a motar nan. Har amai yake sa ni."

Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya baro tayarsa ya matso, wasu ma suka matso, don zagayen Hanci kallo ne na kyauta. Ya goya hannu, ya lumshe ido, ya zagaya, ya sake zagayawa. Bai ji komai ba, kamar yadda bai ji komai ba tun damina.

"Lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Cikin ne. Mai ciki ko ruwan sha wari yake yi mata. Uwarki ma da cikinki cewa ta yi ni nake wari."

"Kana yi kuwa," in ji matar.

Aka kwashe da dariya. Auta ta shiga ta tayar da mota, amma uwar ba ta shiga ba. Ta tsaya tana gyara mayafi, ta dube shi, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Malam, 'yarka ce fa. Da jikanka a ciki."

Nan ya gane ta sani. Ya kalli motar, ya kalli mai faci tsaye dab da tayar baya da sigari a baki. Ya san halin fetur, ya sha ganin abin da yake yi wa mota da na cikinta.

"Kashe motar! Kai kuma kashe wannan tsiyar ta bakinka!"

Auta ta kashe motar, mai faci ya take sigarin da ƙafa. Hanci ya share gumi, ya juya wajen matarsa.

"Zo ki ara mini hancinki. Nawa ya mutu tun murar damina."

"Na sani," in ji ta. "Safarka ma ta sani."

Ya kama gefen mayafinta, yau makaho ne ke jan ɗan jagora. A bonet ta sunkuya ta ce zafi kawai take ji da baƙin mai. A cikin mota ta ce da ɗan wari, amma baƙo ne, ba nan gidansu yake ba. Da suka iso wajen ƙofar tanki sai ta ja da baya ta toshe hanci.

"Nan ne. Kai, har tsakiyar kaina!"

Daga nan aikin ya dawo hannunsa. Ya ga wani siririn danshi ya gangaro kan fenti daga ƙofar, ƙura ta manne masa. Ya kwanta ya zura hannu ta bayan taya, ya shafa tiyon da ke kai mai cikin tanki, ya ji shi a bushe, ɗaurinsa daram. To ba daga ƙasa ba ne. Ya tashi ya murɗa murfin, ya ji yana ta juyawa ba ya kamawa. Da ya cire shi, robar da ke bakinsa ta bushe ta tsattsage.

"Yaushe warin ya fi damun ki?" ya tambayi Auta.

"In na sha mai."

"Har ina kike cikawa?"

"Har baki mana. In famfo ya tsaya sai in sa a girgiza motar a ƙara. Kai ka koya mini, Baba. Ka ce tanki kamar buhu ne, sai an jijjiga yake ɗauka."

Mai faci ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Hanci bai kula shi ba. Ya gaya wa 'yarsa cewa man da aka ɗura har wuya, in rana ta buga shi kumbura yake yi, in an sha kwana ya fantsamo, robar da za ta tare shi kuma ta mutu. Ya sa sabon murfi, ya murɗa har ya ji ƙas-ƙas, ya wanke gefen da sabulu, ya sa ta zagaya layi ta dawo. Matar ta sake shinshinawa, ta ce yanzu sai warin mai faci kawai.

"Daga yau famfo na tsayawa ki tsaya," in ji shi. "Wanda ya koya miki girgiza jahili ne."

Kafin yamma labari ya gama layi. Yanzu matar na da bencinta a garejin, tana zuwa da safe da saƙarta, a kira ta in mota ta gagara. Sunan ma ya koma kanta. Ita ce Hanci, shi kuwa mijin Hanci, kuma masu faɗa ba sa ko rage murya. Yana nuna abin bai dame shi ba, amma yana ci masa rai.

Da Auta ta haihu aka miƙa masa jaririn. Ya sunkuya ya ɗora hancinsa a kan yaron kamar yadda ya yi wa 'ya'yansa duka, ya ja dogon numfashi. Ya daɗe a haka, sannan ya yi wa matarsa magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙamshin me yake yi?"

"Irin na uwarsa ranar da aka haife ta. Ka tuna?"

Ya gyaɗa kai, idonsa ya kawo ruwa.

"To miƙo shi," in ji ta, "ya ɓata zane tun ɗazu."

"Ni ban ji komai ba," in ji shi, ya ƙara rungume yaron.